Wace kalma za mu ba wa "self-compassion" a Hausa?

'Yan'uwa, ina so mu tsayar da magana a kan kalma guda. Tun zamanin korona masu aikin lafiyar ƙwaƙwalwa suke yawan ambaton self-compassion, amma duk wanda ya zo faɗinta da Hausa sai ya yi ta kewaye-kewaye.

Ma'anarta tukuna. Kristin Neff, malama a Jami'ar Texas da ke Austin a Amurka, ta fayyace ta a 2003 da abubuwa uku: mutum ya daina tsangwamar kansa idan ya gaza, ya tuna cewa wahala ba a kansa aka fara ta ba, sannan ya dubi damuwarsa yadda take, kada ya ɓoye ta, kada kuma ya bari ta haɗiye shi.

Maza ne suka sa abin ya tsaya mini a rai. Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, aka shiga kulle. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa lokacin aikin da aka rasa a shekarar ya kai kwatankwacin ayyukan yi miliyan 255. Magidancin da ya saba auna kansa da abin da yake shigowa da shi gida ya wayi gari hannu rabbana, sai ya koma yana cin kansa da zargi a kan abin da ba shi ya jawo ba. A 2022 Hukumar Lafiyar ta ce ciwon damuwa da fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a shekarar farko ta annobar. Dama can, a duniya baki ɗaya, mazan da suke kashe kansu sun ninka mata fiye da sau biyu. Shi kuwa namiji ba abin da yake ji sai "ka daure" da "yi ta maza". Ta yaya zai nemi abin da ko sunansa ba mu da shi?

Kalmar da ke fara zuwa baki ita ce "tausayin kai". Ba ta yi mini ba. Mai tausayin kansa, a kunnen Bahaushe, shi ne wanda ya zauna ya yi tagumi yana jiran a lallashe shi. Ka ce wa namiji ya tausaya wa kansa, ya ji kamar ka raina shi, daga nan ya rufe bakinsa.

"Jinƙan kai" ta fi nauyi da kyau, sai dai da zarar an rubuta ta a waya ba tare da lanƙwasar ƙ ba, ido zai kai mutum ga "jin kai", wato girman kai. "Son kai" kuwa ba ma a batunta.

Ni dai na tsaya a kan "sassauta wa kai". Ba ƙirƙirarta aka yi ba, tana bakin mutane. Aboki yana iya dafa kafaɗar abokinsa ya ce, "Haba ɗan'uwa, ka sassauta wa kanka mana," kuma ba wanda zai ji an taɓa masa mutunci. Wani zai ce ai wannan ƙofar sakaci ce. A'a. Mai bin bashi idan ya sassauta, bai ce an yafe ba, lokaci ya ƙara maka har ka samu yadda za ka yi. Nauyin iyali yana nan, tsangwamar ce kawai aka sauke. Hadisi ma ya zo da cewa ranka yana da haƙƙi a kanka.

A rubutu za a iya cewa "sassauci ga kai", a magana kuma a bar ta yadda take: "Bai iya sassauta wa kansa ba." Inda ta rage min ƙarfi shi ne ɓangare na biyu na bayanin Neff, wato tuna cewa ba kai kaɗai ba ne. Wanda yake da kalmar da ta haɗo har da wannan, don Allah ya kawo mu duba.