Gudawar Yara: Wa Ya Yi Sakaci?

Ma'aikaciyar jinya: Assalamu alaikum. Raina a ɓace yake. Ana kawo mana yara idanu sun faɗa, maɗiga ta loɓa, fitsari ya ɗauke, idan aka tambaya sai a ce gudawar haƙori ce. Fitar haƙori ba ta jawo gudawa. Lokacin ne yaro yake rarrafe yana kai komai baki, ƙwayoyin cuta su shiga cikinsa. Barin yaro har ruwan jikinsa ya ƙare sakaci ne.

Wata uwa: Wa'alaikumus salam. 'Yar'uwa, ki janye kalmar sakaci. Uwar da ta kwana ba ta runtsa ba, tana wanki tana ba da nono, ba ta cancanci wannan suna ba.

Wani uba: Hajiya, ai Malama ba ta ambaci iyaye mata ba, ke ce kika tsargu.

Wata uwa: Malam, tunda ka shigo, wa yake sayo maganin Flagyl ba tare da ganin likita ba, kuma wa yake cewa a bari sai gobe? Idan akwai sakaci, daga maigida yake farawa.

Wata kaka: 'Ya'yana, mu muka raine ku, kuma duk yaron da na raina ya yi gudawa da haƙori. Yanzu mu ma masu sakaci ne ke nan?

Ma'aikaciyar jinya: Baba, Allah ya ba ki haƙuri. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta shi ne ruwan ORS, wato ruwan gishiri da sukari, bayan kowace gudawa, da sinadarin zinc na kwana 10 zuwa 14, a kuma ci gaba da shayarwa da ciyarwa. Idan an ga jini a bayan gida, ko yaro ya kasa sha, ko yana amayar da komai, a garzaya asibiti.

Wani uba: Ni dai ban yarda a ɗora wa maza laifi ba, alhali muna wajen nema.

Shugabar zaure: Zan rufe nan. Abin da na fahimta shi ne, iyaye mata suna iya ƙoƙarinsu, kuma kalmar sakaci ta yi musu tsauri ƙwarai. Maza su ne ya kamata su binciki kansu kan jinkirin kai yaro asibiti. Batun haƙori kuwa, a kawo shi wani lokaci.