Wai Bakolori kaɗai ta isa ta ba Zamfara wuta?

Ɗan Mafara: Jama'a ni fa na faɗi kuma ina nan a kai, injin wutar da ke dam ɗin Bakolori in anka ba ɗan kasuwa shi riƙe, an gama kukan wuta a Zamfara. Tun 2023 doka ta ba jihohi dama su yi tasu wuta, gwamna shi sa hannu kawai.

Injiniya: Ƙanena sannu da ƙoƙari amma megawat 3 ne fa, wato wat miliyan 3, dut abin da ke wurin. Tashar wutar dam ɗin Kainji megawat 760 anka gina ta da shi. Ka ɗauka kowane gida wat 500 yake ja, gida 6,000 ke nan, ba ka sa injin shinkafa ko masu walda ba. Mafara da Maradun da Bakura ma sai an yi rabo, balle Gusau.

Ɗan Mafara: To ai ko Mafara kaɗai ta samu riba ce yallaɓai

Injiniya: Ka ga har ka sauko daga Zamfara zuwa Mafara 😂 Kuma zancen sa hannu ba haka yake ba. Dam ɗin na tarayya ne, hukumar kogin Sokoto Rima ke riƙe da shi, gwamna ba ya ba da abin da ba nashi ba. Abin da ya haura megawat 1 sai da lasisin NERC, hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, sai in jiha ta yi dokarta ta kafa tata hukuma an miƙa mata iko, ga izinin amfani da ruwa daban, ga binciken muhalli, sannan in ka samar da wutar wa za ka saida ma wa, ta wayar wa za ta bi, ai sai ka zauna da Kaduna Electric, kamfanin da ke raba wuta a Zamfara.

Baban Ummi: Ku kuna ta lissafin wuta ba wanda ya tambayi manomi. Dam ɗin ga don noman rani anka gama shi 1978, wutar ƙari ce. Mai kamfani kullum so yake ruwa shi bi ta injin don kuɗi su shigo, mu kuma watan Afrilu kowane ɗigo shinkafa ke jira nai. Kuma ku tambayi dattawa abin da ya faru 1980 kan diyyar gonaki, rayuka sun salwanta.

Hajiya Mai Ƙanƙara: Allah shi jiƙansu. Amma Baban Ummi ruwan da ya juya injin ai ba shanye shi yake ba, fita yake. Ni dizal ya cinye min jari wallahi, a gyara a ba mu ko awa goma ne.

Baban Ummi: Fita yake Hajiya, amma ina yake zuwa, kanal ɗin ban ruwa ko gulbi? Kuma yaushe? In an sake shi lokacin da gona ba ta so, ya tafi ke nan.

Injiniya: Nan kam ina bayan baba. A rubuta cikin yarjejeniya cewa jadawalin ban ruwa shi ke gaba, injin shi bi baya.

Ɗan Mafara: Da sharaɗin ga wane ɗan kasuwa zai zuba kuɗinai to?

Baban Ummi: Wanda bai iya ba shi je shi kafa sola, fili gare mu.