Waɗanda suka taɓa kai iyali Gurara, yaya kuka same ta?

Baban Sadiƙ: Assalamu alaikum. Ina da niyyar kai iyalina magangarar ruwa ta Gurara da ke Jihar Neja, mu tashi daga Abuja da safe mu dawo kafin magariba. Akwai ƙananan yara a tafiyar, ga kuma mahaifiyata da ta ce ba za a bar ta a gida ba. Ina roƙon waɗanda suka je su faɗa mini abin da suka gani.

Maman Hanifa: Wa alaikumus salam, Malam. Mu a watan Agusta muka je, damina ta kankama, kuma tun daga inda muka ajiye mota muke jin rugugin ruwan. Kogin ya cika ya batse, ruwan ya yi ja saboda laka, yana zubowa daga tsayin kusan mita 30 a faɗin da ya kai kusan mita 200, har ba ka ganin dutsen da ke bayansa. Feshin da iska ke kwasowa ya jiƙa mana mayafai tun ba mu matsa kusa ba, kuma sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Abin kallo ne ƙwarai, amma ban samu natsuwa ba, domin duwatsun sun yi gansakuka suna santsi, hannuna bai rabu da na autana ba har muka bar wurin. Mai ƙananan yara, a ganina, kada ya je da damina.

Malam Na Zariya: Hajiya ta yi gaskiya, sai dai wanda ya je da rani kamar wani wurin dabam ya je. Mu a watan Fabrairu muka je, ruwan ya ja baya ya rarrabu gida-gida tsakanin duwatsu, ya kuma yi garau. Rairayi ya fito a ƙasa, muka shimfiɗa tabarma a inuwa, yara suka yi ta tsamo tsakuwa a bakin ruwa inda bai wuce idon sawu ba. Duk da haka mai yi mana jagora, wani matashi ɗan yankin, ya nuna mana gurbin da ke gindin magangarar, ya ce ko a rani yana da zurfi, kada kowa ya yi gangancin shiga. Ku saurari mutanen wurin, sun fi mu sanin kogin nan.

Yaya Asabe: Ni batun Hajiya Babba ne ya fi damuna. Saukowa zuwa bakin ruwan gangare ne, kuma hawowa ta fi wuya. Surukata da ke fama da ciwon gwiwa a sama ta zauna, daga nan ta yi kallonta, kuma ta ce ya ishe ta. Ku tafi mata da kujera. Ku kuma riƙe abincinku da ruwan sha da na alwala, kada ku dogara da abin da za ku samu a can. Mu dambun nama da zoɓo mai ƙanƙara muka ɗauka, kafin azahar an ga bayansu.

Abu Fatima: Ku bi ta Suleja ku kama hanyar Minna, bayan Lambata za ku ga mashigar wurin. Tireloli da tankokin mai sun yi yawa a hanyar, don haka ku yi sammako, ku kuma kamo hanyar gida da zarar an yi la'asar. Mu washegarin Sallah muka je, jama'a ta yi yawa har wurin shimfiɗa tabarma ya yi wuya.

Baban Sadiƙ: Na gode, Allah Ya saka da alheri. Mun ɗage tafiyar zuwa bayan damina, Hajiya kuwa ta ce kujerar da kanta za ta zaɓa.