Wa ya taɓa ɗaukaka ƙara kan tsananin hukuncin fasa gida?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum. Kotun majistare ta ɗaure ƙanena shekara 5 kan fasa gida da dare da satar janareta. Ya amsa laifinsa, kuma karonsa na farko ke nan. Ba mu ce bai yi ba, ɗaurin ne muke ganin ya yi yawa. Don Allah wanda ya taɓa bin wannan hanya ya ba mu labari.

Ɗan Kasuwa: Wa'alaikumus salam Hajiya. A shari'ar ɗan yayana, lauya ya ce kada mu taɓa maganar laifi, mu tsaya kan hukunci kawai. Alƙali ya ba shi ɗauri biyu, na fasa gida da na sata, ya ce ya gama ɗaya ya shiga ɗaya. Babbar Kotun jiha ta ce ai dare ɗaya aka yi su, su tafi tare. Kusan rabi ya zube. Ku hanzarta dai, kwana 30 ne daga ranar yanke hukunci, in ya wuce sai an roƙi kotu ƙarin lokaci.

Tsohon Magatakarda: 'Yata, na ga irin waɗannan da yawa. Kotun sama ba ta rage ɗauri don tausayi. Sai an nuna mata inda alƙali ya kauce: bai saurari roƙon sassauci ba, ko bai lissafa watannin jiran shari'a ba, ko ya manta mai laifin sabon shiga ne. Ku fara karɓo kwafin shari'ar, abin da ba a rubuce ba kamar ba a faɗa ba ne. An mayar da janaretan? Wannan ma hujja ce.

Inna Ta Gwale: Mu kwafin ne ya cinye mu. Kafin a buga shi a sa rana, yaron ya kusa fitowa, tunda shekarar gidan yari wata 8 ce ga mai ladabi. Nasa shekara 2 ne. Da na sani da kuɗin lauyan na ja masa jari.

Ɗan Kasuwa: Inna, shekara 5 ba 2 ba ce, nata ya cancanci a bi. Hajiya, in hannu bai kai ba, ku je ofishin Legal Aid, hukumar gwamnati mai taimaka wa marasa ƙarfi a kotu, lauyoyinsu kyauta ne.

Maman Khalifa: An mayar da janaretan, Baba, wata 7 kuma ya yi a tsare kafin hukunci. Litinin zan je wajen rajistara.