Gashi ya bushe yana kakkaryewa: me kuka gwada, me ya yi muku?

Mai tambaya, Kano: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da hunturun nan ya shigo gashina ya bushe ƙayau, in na tsefe sai in ga guntaye cike da kum. Ina sa rilaksa, ina kuma shafa mai kullum, amma kamar ba na yi. Wasu sun ce in sayi chebe, wasu sun ce man shanu. Don Allah wadda ta gwada da kanta ta faɗa mini, ban da "an ce".

Mai kitso, Zariya: Wa'alaikumus salam. Ƙanwata, kafin ki sayi komai, dubi abin da ke cikin kum ɗin. In guntaye ne gajeru, karyewa yake yi, matsalar a jikin gashin take. In kuwa dogaye ne da ɗan farin abu a gindinsu, zubewa yake daga tushe, wannan maganinsa daban. Kawunan da ke zama a gabana, yawancin masu karyewa rilaksa ce ta cinye su. Sai mace ta sa wannan watan, wata mai zuwa ta sake, kuma daga gindi har baki. Gashi bai fi tsawon santimita 1 yake ƙarawa a wata ba, to me za a miƙar? A bari a ƙalla sati 8, kuma a sa wa sabon tsiro kaɗai. Wanda aka riga aka miƙar, in an maimaita masa, laushin da kike gani ba lafiya ba ce, rauni ne.

Uwar biyu, Maraɗi: Gaskiyarki Anti. Ni abin da ya canza mini shi ne yadda nake shafa man, ba irin man ba. Mai ba ya jiƙa gashi, riƙe ruwan da ke ciki yake yi. Yanzu sai na fesa ruwa ya ɗan jiƙa, sannan in murza man kaɗanya a tafin hannu ya narke, in bi shi kashi-kashi, in fi ba bakin gashin ƙarfi. Da dare in ɗaura ɗankwali mai santsi, don matashi na auduga tsotse man yake.

'Yar Maiduguri: Maganar chebe, bari in yi bayani tunda mu nan kusa da Chadi muke, kuma a wurin matan can muka gan shi. Gari ne na 'ya'yan wata bishiya da ake soyawa a daka, a haɗa da kanumfari da wasu kayan ƙamshi. Ana kwaɓa shi da mai, a jiƙa gashi, a shafa daga tsakiya zuwa baki, a kitse manya-manya a bar shi kwanaki. Ba a sa shi a fatar kai, ƙaiƙayi yake sawa. Na yi amfani da shi, karyewa ta ragu sosai, amma ban yarda da masu tallar cewa yana tsirar da gashi ba. Tsawon da ake gani, gashin ne ya daina guntulewa, ga shi kullum cikin mai, kullum a kitse, hannu ba ya yawan taɓa shi. Wahalarsa wanki, kuma yana ɓata hijabi. Sannan wanda ake ƙullawa a leda ba ki san me aka cuɗa a ciki ba, gwada kaɗan a bayan kunne tukuna.

Mai tambaya: To Yaya, da me kike wanke shi?

'Yar Maiduguri: Karkashi. A jiƙa busasshen ganyen a ruwan ɗumi har ya yi yauƙi, a tace. Yana warware gashi, kum ya wuce ba faɗa. Sai dai ba ya fitar da mai sosai, don haka lokaci-lokaci nakan fara da shamfu.

Hajiya, Katsina: Mu da karkashi da man shanu aka raine mu, kuma kitsonmu bai taɓa rasa cika ba. Man shanu yana laushi ƙwarai, amma a soya shi tukuna, in ba haka ba kwana biyu kai ya fara ƙarni, maigida ya fara juya baya. Abin da zan ja kunnenku a kai shi ne sabulun salo da lalle. Salo yana wanke datti tas, amma yana barin gashi a bushe. Lalle kuma yana ƙara masa ƙarfi, sai dai ya kan sa shi tauri, gashin da ya riga ya bushe ba ya son a yawaita masa.

Ma'aikaciyar jinya, Kaduna: Ni nawa ba bushewa ba ce. Wata 3 da haihuwa gaban goshina ya fara zubewa, aka yi ta kawo mini mayuka. Zubewar jego ce, yawanci takan tsaya da kanta kafin yaro ya shekara. Da aka auna ni aka ga jinina ma ya yi ƙasa, aka ba ni maganin ƙarin jini. Don haka in daga tushe yake fita, ko akwai amosani mai yawa, ko wani wuri ya gwaigwaye kamar makero, a je asibiti. Man kanti kuma a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa.

Mai kitso, Zariya: Gaban goshi kam har da laifin mu masu kitso. In an gama miki kin kasa runtsa ido, ko ƙuraje sun feso a gefen kai, ya yi tsauri, ki tsefe. Ƙananan kalaba a kan gashi mai rilaksa su suka fi cin goshi. Bakin da ya riga ya tsage kuma ba man da zai haɗe shi, almakashi ne kawai.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na duba, guntaye ne. Zan dakata da rilaksa, in datse bakin, in koma karkashi da man kaɗanya. Anti, wane kitso zan yi kafin ya farfaɗo?

Mai kitso, Zariya: Manya guda shida ko takwas zuwa baya, ba ƙari, kuma ki ce mata ta sassauta hannu a gaba.