Wace kilya ce ba ta tsagewa a kan roba?

Ɗan Kurna:
Salamu alaikum. Ina da mashin roba-roba, na kai an yi wa murfin gaba da robobin gefe jan fenti, mai fentin ya bi da kilya, wato ruwan fenti marar launi da ake ɗorawa a kan fenti don ƙyalli, ta gwangwani, irin wadda ake fesawa da hannu. Ranar da na karɓo sai ƙyalli yake. Yanzu duk inda aka ɗaure noti ya tsattsage kamar saƙar gizo, wajen da fetur ya ɗiga a gidan mai kuma ya yi fari, ya yi danƙo. Zan sake aikin, amma ba na son zubar da kuɗi sau biyu. Wace kilya ce ke lanƙwasawa tare da robar? Wani mai shago ya ce min duk ɗaya ne, ni dai ban gamsu ba.

Baban Ummi Mai Fenti:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ba ɗaya ba ne, so yake ya sayar maka da abin da ke kantarsa. Ta gwangwanin nan 1K ce, tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, ita ce kawai ke bushewa ta bar ta, shi ya sa fetur ke narkar da ita. Ka nemi 2K, wadda ake haɗawa da hadina, ruwan da ke sa ta taurara. Wata 2:1 ake haɗa ta, wata 4:1, mai fentin ya karanta jikin galan, kada ya auna da ido. Akwai kuma ruwan da ake ƙarawa don ta yi laushi, wanda ake sa wa bambar mota. Yana jinkirta bushewa, don haka kada ka matsa masa.

Amma kafin komai, kwance robar ka duba bayanta. Za ka ga an buga ABS ko PP, wato sunan irin robar. ABS tana karɓar fenti ba gardama, sai dai tina mai ƙarfi na cin ta. PP kuwa santsi gare ta, in ba a fara fesa mata firaimar roba ba, ko kilyar Jamus ka sa, ɓarewa za ta yi da fentin gaba ɗaya.

Injiniya Sabo:
Gaskiya Baban Ummi ya faɗa. In rubutun ya goge, kankaro ɗan guntu daga ciki ka jefa a ruwa. PP tana tasowa, ABS nutsewa take. Sannan hadinar 2K guba ce ga huhu, takunkumin ƙyalle ba ya tare ta, sai na musamman da aka yi don irin wannan feshin. Yara da yawa a gareji da hankici suke feshi, abin ba daɗin gani.

Ɗan Kurna:
Allah ya saka da alheri. Na duba, murfin gaba ABS ne, baƙar robar tsakiya PP. To tsohuwar kilyar fa, a ɗora sabuwa a kanta?

Baban Ummi Mai Fenti:
A'a, tsagar za ta sake fitowa. A goge ta da samfefa har ta ƙare, a gama da lamba 800 da ruwa. Baƙar ta tsakiya ni da zan ba ka shawara ka bar ta yadda kamfani ya yi ta, ƙafa ce ke gogar ta kullum. Kuma ku yi feshin da sassafe, a yayyafa ruwa a ƙasa saboda ƙura.