Neman kalma: me za mu kira "coil" da "airflow" na sigarin lantarki?

Mai buɗe zance, daga Manchesta:

Assalamu alaikum jama'a. Kalmomi biyu nake nema, amma bari in fara da dalili, don kada a ɗauka talla nake wa sigarin lantarki. Ba na sha, ba kuma na kiran kowa ya sha.

Yayana da muke zaune tare a nan Ingila ya shekara 19 yana shan taba. Da likita ya ja masa kunne a kan ƙirjinsa sai ya koma sigarin lantarki, kuma da yake tun yana yaro mutum ne mai son kwance abu ya sake ɗaurawa, bai tsaya ga wanda ake saya a haɗe ba. Ya koma irin wanda mutum ke buɗe kan da hannunsa, ya yanko waya, ya naɗa ta a jikin siririyar sukundireba mai kaurin milimita 3, ya ɗaure ƙafafunta biyu, ya zura auduga ta tsakiya, ya jiƙa ta da ruwan nikotin. In wuta ta bi wayar sai ta yi zafi, ruwan ya tashi, a zuƙa.

Wata Lahadi ya haɗa irin naɗaɗɗiyar wayar nan guda biyu a kai ɗaya, kowace om 0.3 (om shi ne ma'aunin cikas ɗin da waya ke yi wa wuta). A lissafinsa sun zama 0.6. Alhali in aka jera biyu gefe da gefe wuta hanya biyu ta samu, rabewa lissafin yake yi ya dawo 0.15. Batirin da ake sa masa, mai caji da ake kira 18650, in ya cika bolt 4.2 yake bayarwa, ka raba da 0.15 ka sami amfiya 28, wato yawan wutar da za a ja daga batirin. Shi kuwa batirin da ya sa na tocila ne, ba a yi shi don ya wuce amfiya 10 ba, bututun da batirin ke ciki kuma irin marar kariya ne, babu abin da zai yanke wutar. Ina kicin na ji ya kira sunana da wata irin murya. Ya jefar da shi a kan dandamalin ƙofa, muna tsaye muna kallo yana huci yana fitar da hayaƙi mai wari. Tafin hannunsa ya tashi.

Da daddare Hajiya ta kira ta ga bandeji. Muka yi ta ƙoƙarin yi mata bayani, rabin maganar Turanci, har ta yi shiru ta ce, "To, Allah ya shirya." Na san abin da ta ɗauka: wani mugun abu ya fara sha. Abin ya dame ni. Ina so in iya faɗin yadda abin nan yake aiki da inda haɗarinsa yake, da Hausar da mahaifiyata za ta gane. Wayar nan da ake naɗawa ita ce "coil". Iskar da ke shiga ta ratsa ta ita ce "airflow". Me za mu ce musu?

Mai naɗin fanka, daga Kano:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Yaya lafiya, ya tsare gaba. Malam, ta farkon ai ba ta buƙatar nema. Shekarata 26 ina naɗin koyil na fanka da janareta da injin ban-ruwa. Ko tsohuwa ce ta kawo fankarta, cewa za ta yi koyil ya ƙone. Mai babur ma ya san koyil. Kalmar ta zauna a bakin mutane, a bar ta kawai.

Wani ɗan'uwa, daga Damagaram:

Baba, a bakin mutanen Kano ta zauna. Mu nan in ka je wurin mai gyara, bobin za ka ji, daga Faransanci. Sannan masu Faransanci ba bobin suke ce wa na sigarin nan ba, "résistance" suke cewa, wato da aikinsa suka kira shi, ba da siffarsa ba. In ana son kalmar da za ta yi aiki daga Kano har Maraɗi har Agadas, gara a samo ta cikin gida.

Mai buɗe zance:

Baba, na gode, kuma ba na jayayya da shekara 26. Abin da ya hana ni karɓar koyil shi ne wannan jumlar da ka kawo, "koyil ya ƙone". Naka na jan ƙarfe ne mai rufi, aikinsa ya haifar da maganaɗisu ya juya fanka, zafi kuwa shi ne ajalinsa. Wannan kishiyarsa ne. Tsirara yake, kuma don ya yi zafi aka yi shi. Ba a yin sa da jan ƙarfe sam, don wuta za ta bi ta wuce ba tare da cikas ba, batir ya sha wahala. Wanda ya san koyil ɗin fanka zai iya cewa bari in yanko ragowar waya in gwada, kuma nan ne za a yi ɓarna.

Wayar da suka fi amfani da ita Kanthal ce, haɗin baƙin ƙarfe da kuromiyam da alminiyam. Sunan ma ƙirƙirarsa aka yi a Suwidin, aka ɗebo farkon sunan mai ƙirƙirar, Hans von Kantzow, aka haɗa da farkon sunan garin, Hallstahammar. Akwai kuma nikurom, wadda Albert Marsh ya yi wa rajista a Amurka a 1906, kashi 80 nikel, kashi 20 kuromiyam. Ita ce irin wadda ke yin ja a cikin hita da rishon lantarki. To ka ga ɗan'uwan hita ne, ba na fanka ba.

Malamar Hausa, daga Zariya:

Sannunku da ƙoƙari. Na jera kalmomi uku a gabana ina juya su. Gammo ya fara zo mini, don maciji ma in ya naɗe cewa muke ya yi gammo. Amma gammo a kwance yake, zagaye ne a cikin zagaye ko bisa zagaye, ga shi da laushi. Wannan da ka kwatanta zagayen a jere suke bi da bi, kamar zare a jikin mazari. Na ajiye gammo. Tufka kuma ku riƙe ta, tana da wurinta: na ga ana murɗa waya biyu su zama igiya ɗaya kafin a naɗa, wannan tufka ce ba ragi ba ƙari.

Saura naɗi. Shi ne aikin da hannu ke yi, shi ne kuma abin da aikin ya haifar, kamar yadda muke cewa ɗinki ga aikin da kuma rigar. Baba da kansa "naɗin koyil" ya ce sana'arsa, wato kalmar tana bakinsa tun tuni. Gargaɗi ɗaya: kada a ce naɗin waya. Yau in ka ce waya, hankalin kowa kan salula yake tafiya, za a ɗauka muryar wani aka naɗa. A ce naɗin ƙarfe a karon farko, daga nan naɗi kaɗai ya isa.

Abin da ake aunawa da om kuma, na ji wasu na cewa juriya. Ba daidai ba ne. Juriya haƙuri ce da wahala. Wayar nan ba haƙuri take ba, ƙin ba da hanya take, kamar akuyar da ake ja ta kafe ƙafafu. Turjiya ke nan.

Mai buɗe zance:

Malama, Allah ya ƙara basira. Turjiya ta warware mini abin da na kasa faɗa wa Hajiya. Ji yadda yake fita: in waya ta yi kauri turjiya ta ragu, in aka ƙara zagaye turjiya ta ƙaru, in aka jera naɗi biyu turjiya ta rabe biyu, in turjiya ta yi ƙasa batir ya ɗauki kayan da ya fi ƙarfinsa. Kuma naɗi ya ba mu sunan na'urar gaba ɗaya a kyauta. Wadda mutum ke haɗawa da kansa, mai naɗin hannu. Wadda ake sayen kanta a haɗe, mai naɗin kamfani.

Audugar da ake zurawa ni dai lagwani nake ce mata tun farko.

Malamar Hausa:

A nan ina da ja. Lagwani wuta ake kunna masa. Wannan kuwa ka ce ba a so ya ƙone.

Mai naɗin fanka:

Malama, a nan kam ina bayan Malam. Mu da muka yi karatun allo da fitilar ƙwai mun sani, ba lagwani ne ke ci ba, kananzir ne. Lagwani jawo shi kawai yake yi sama. Sai mai ya ƙare za ki ga bakinsa ya yi ja yana cinyewa, ɗaki ya ɗau ƙauri. Kuma in ya yi wa bututun kauri ba ya jan mai, in ya yi siriri ya zurma ciki.

Mai buɗe zance:

Wallahi Baba kamar ka taɓa riƙe abin. Haka yake ba bambanci. In auduga ta matse a cikin naɗi ruwa ba ya isowa, ta bushe ta babbake. In ta yi sako-sako ruwan ya yi ta yoyo yana tartsatsi a baki. Ka kuma ba mu wata kalmar ba da niyya ba. Zuƙar da ake yi lagwani a bushe, wadda Yaya ke tari har hawaye in ta same shi, zuƙar ƙauri ce. Ba ɗaci kaɗai ne illarta ba: in ruwan ya sha zafin da ya wuce kima, giliserin da ke ciki da abokin haɗinsa suna rikiɗa su fitar da guba irin su fomaldehaid da akrolin.

Yanzu ga ta biyun, wadda ta fi ba ni wuya. A jikin kan akwai 'yan ƙofofi, da zobe da ake murzawa a buɗe su ko a tsuke. In an zuƙa, iska na shiga ta nan ta bugi naɗin, wani ta gefe, wani ta ƙasa, wani ta sama. Aiki biyu take yi: ta sanyaya naɗin, ta kuma kwashe abin da ya tashi ta kai baki. Shi ya sa Yaya ke ɓata lokaci yana ɗaga naɗin da tsinke yana sauke shi, sai ya yi saiti da ƙofar. Na ƙasa ya fi fito da ɗanɗano amma ya fi yoyo, na sama ba ya yoyo amma iskar kan yi nisa da naɗin. Masu son irin jan sigari suna barin ƙofa kamar milimita 1, naɗi wajen om 1, wuta wat 10 zuwa 15, su tara a baki kafin su shaƙa. Masu jan kai tsaye zuwa huhu suna buɗe ta wangale, turjiya ƙasa da rabin om, wuta wat 50 zuwa sama. In ka haɗa wutar na biyun da ƙofar na farkon, ƙauri za ka sha.

Na yi tunanin shan iska, na ga ai yawo ke nan da yamma. Na yi tunanin zuga, saboda zugazugin maƙera.

Ɗan'uwa daga Damagaram:

Zuga ba za ta yi ba, Malam. Maƙeri tura iska yake don wuta ta ƙara ruruwa. Nan jawo ta ake yi, kuma rage zafi take. Ni risho nake gani a bayaninka. Duba gwangwanin nan mai huda-huda da ke kewaye da lagwani. In hudojin a buɗe suke, wuta shuɗiya ce tsaf. Ranar da miya ta zubo ta toshe su, sai ta koma ja, gindin tukunya ya yi baƙi, ido na yaji. Mahaifiyata da tsinken tsintsiya take bin su ɗaya bayan ɗaya. Ita "kafar iska" take cewa.

Malamar Hausa:

Matsalar ita ce Bature ya cusa abu biyu a kalma ɗaya, mu kuma ba dole ne mu bi shi ba. Akwai wurin da iskar ke shiga, akwai kuma yadda mai ja yake jin ta. Na farko kafar iska, yadda Inna ta faɗa, ya fi mashigar iska sauƙi a harshe, abin murzawar kuma zoben iska. Na biyu zuƙa ce, tsukakkiya ko sakakkiya. Ba wanda zai ce "iskar ta yi mini tauri", amma kowa zai gane "zuƙar ta tsuke, buɗe kafar".

Ma'aikaciyar jinya, daga Kumasi:

Ina biye da ku tun farko. Roƙona ɗaya ne, a kan abin da ke fitowa. Na ji masu cewa tururi ne kawai, har da mai cewa suraci. Don Allah kada a sa masa suraci, sunan magani ne, yaro zai ɗauka lafiya yake shaƙa. Ba tururin ruwa ba ne, ƙananan ɗigo ne masu ɗauke da nikotin, kuma nikotin na kama mutum ko ta wace hanya ya shiga. Wanda ya ƙera na zamanin nan a 2003, Hon Lik, mai haɗa magunguna ne a Sin kuma mashayin taba, mafita yake nema wa irinsa. Bai zama abin wasan wanda bai taɓa sha ba. Indiya ta haramta shi tun 2019. Ni a wurin aiki hayaƙi nake cewa, ko da ba abin da ke ci da wuta, don shi ne kalmar da ke sa uwa ta janye jaririnta.

Mai buɗe zance:

Anti, na karɓa, hayaƙi zan ci gaba da cewa. Jiya da daddare na kira Hajiya, Yaya na zaune kusa da ni. Na ce mata abin nan kamar ƙaramin risho ne mai batir: akwai naɗin ƙarfe da ke yin zafi, akwai lagwani da ke jawo ruwa, akwai kafar iska. Ya jera naɗi biyu, turjiya ta yi ƙasa, batir ya ɗauki kayan da ya fi ƙarfinsa ya ƙona masa hannu. Ba ta katse ni ba ko sau ɗaya. Da na gama ta ce a ba ta shi. Ta tambaye shi ko yana da abin auna turjiyar, ya ce akwai, ranar ne bai duba ba. Ta ce to daga yau ya duba, kuma tana jiran ranar da zai kira ya ce mata ya ajiye rishon gaba ɗaya.

Mai naɗin fanka:

Madalla. Ni dai a shago koyil zan ci gaba da cewa, kar in kori masu kawo aiki. Amma turjiya na ɗauka. Yau da safe yarona yana auna wata fanka da mita, na ce masa karanto mini turjiyar, bai ko tambaye ni me nake nufi ba ya karanto.